Wa Ya Gajiyar da Ma'aikaci? Sharhi a Kan Harshen Shirye-shiryen Inganta Lafiyar Ma'aikata

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo manyan wuraren aiki a Nijeriya, musamman bankuna da kamfanonin mai da na sadarwa. Akan keɓe rana ko mako guda, a gayyato likitoci su auna hawan jini da sukari da nauyin jikin masu aiki, a yi tattaki da sassafe, a raba riguna da huluna, sannan a liƙa takardun nasiha a bango. Ba a nan aka haifi wannan al'ada ba. Daga Amurka ta taso, inda ake kiran ta da kalmar Ingilishi "wellness". Da yake da yawa daga cikin waɗanda ake son saƙon ya kai gare su, kamar direbobi da masu gadi da leburori da masu shara, sun fi sakewa da harsunansu na gida, akan buƙaci a mayar da irin waɗannan takardu cikin harsunan Nijeriya. A Hausa kuwa, kalmar da ta fi saurin zuwa bakin mai fassara ita ce "lafiya".

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan harshen da waɗannan shirye-shirye suke amfani da shi, tare da auna shi da abin da bincike ya tabbatar game da amfaninsu. Ra'ayin da takardar za ta kare shi ne, ginin jimlar shirye-shiryen yana ɗora nauyin lafiya kacokan a kan ma'aikaci, yana kuma fitar da mai ba da aiki daga cikin jimlar. Idan mai fassara ya ara wa irin wannan saƙo kalmar "lafiya" ba tare da lura ba, to ya sa masa rigar da ta fi ƙarfinsa, kuma wanda zai biya kuɗin wannan kuskure shi ne ma'aikacin da aka yi fassarar dominsa.

2.0 Tushen Shirye-shiryen

Kalmar "wellness" tsohuwa ce a Ingilishi, domin an same ta a rubuce tun ƙarni na 17, sai dai ta daɗe a kwance ba a damu da ita ba. Wanda ya farfaɗo da ita shi ne Halbert Dunn, likita kuma masanin ƙididdiga, wanda ya daɗe yana shugabantar ofishin ƙididdigar haihuwa da mutuwa na Amurka, a cikin littafin da ya wallafa a 1961. A wurin Dunn, kalmar tana nufin mutum ya kai matuƙar abin da jikinsa da hankalinsa za su iya, a cikin muhallin da yake gudanar da rayuwarsa. Ya kamata a riƙe wannan batu na muhalli, domin shi ne ɓangaren da ya zube a hanya daga baya. A 1975 wani likita mai suna John Travis ya buɗe cibiya mai ɗauke da wannan suna a garin Mill Valley na jihar Kalifoniya, sannan a ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Johnson & Johnson ya ƙaddamar da nasa shirin domin masu yi masa aiki. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu.

Dalilin da ya sa kamfanonin Amurka suka rungumi lamarin a fili yake. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin ƙasar ta ƙayyade ƙarin albashi, sai kamfanoni suka koma jawo masu aiki da inshorar lafiya, dokar haraji ta 1954 kuma ta tabbatar da cewa ba za a ɗora haraji a kan wannan inshora ba. Sakamakon haka, kusan rabin mutanen Amurka ta hannun wurin aiki suke samun inshorar lafiya. Ke nan ciwon ma'aikaci yana taɓa aljihun kamfani kai tsaye. A 2010 wasu masana uku na Jami'ar Harvard, wato Katherine Baicker da David Cutler da Zirui Song, sun tattara binciken da aka yi kafin lokacin, suka ƙiyasta cewa kowace dala ɗaya da aka kashe a kan irin wannan shiri tana rage kuɗin magani da dala 3.27, tana kuma rage asarar fashin aiki da dala 2.73. A wannan shekara ce aka sa hannu a kan sabuwar dokar inshorar lafiya ta Amurka, wadda ta buɗe ƙofar da aka bi daga 2014 aka ba kamfanoni damar bambanta kuɗin inshora tsakanin wanda ya cika sharuɗɗan shirin da wanda bai cika ba har kashi 30 cikin 100, a kan shan taba kuwa har kashi 50.

Tun daga nan masanin harshe yake da abin dubawa. Wannan bambancin kuɗi ana tallata shi da sunan lada ko tukuici. To amma kuɗin da ake kira lada a hannun wanda ya samu, shi ne dai tara a wuyan wanda bai samu ba, kuma wanda bai samu ba yakan kasance mai ƙiba, ko mai hawan jini, ko wanda aikinsa bai bar masa lokacin shiga shirin ba. Kuɗin guda ne, sunansa biyu, kuma takardun shirin suna ambatar suna ɗaya kawai.

3.0 Ginin Jimlar Shirye-shiryen

Misalan da ke biye an gina su ne a Hausa bisa tsarin da aka saba gani a irin waɗannan takardu, domin a fito da sigar jimlolin.

3.1 Jimlar umarni

(1) a. Rage gishiri a abincinka.
b. Motsa jikinka na minti talatin kowace rana.
c. Daina shan taba.
d. Yi barci isasshe.
e. Koyi yadda za ka shawo kan damuwarka.

Duk jimlolin da ke (1) na umarni ne, kuma aikau ɗin da ke ɓoye a cikinsu guda ne, wato "kai", mutum na biyu tilo. Haka nan mallakar da ke jikin sunayen: abincinka, jikinka, damuwarka. Ba a musun cewa kowace nasiha a nan gaskiya ce a likitance. Abin lura shi ne wanda ake wa umarnin da wanda ba a yi wa ba. Jimla ta (1d), alal misali, ana iya liƙa ta a bangon masana'antar da take sa mutum aikin dare mako biyu a jere, ba tare da an ga wani saɓani a nahawunta ba, domin wanda ya tsara jadawalin aikin ba ya cikin jimlar.

3.2 Inda kamfani yake bayyana

(2) a. Kamfani yana kula da kai.
b. Hukuma ta damu da jin daɗinka.

A nan mai ba da aiki ya shigo a matsayin aikau, amma aikatan da aka ba shi na zuciya ne, ba a iya auna su, ba a kuma iya kama shi da saɓa su. Ma'aikaci an ba shi aikatau masu adadi da lokaci, kamar minti talatin a kowace rana. Kamfani kuwa an ba shi kula da damuwa, waɗanda ba su da mudu.

3.3 Sunan da ya maye gurbin mai aikatawa

(3) a. Gajiya tana rage ƙwazo.
b. Damuwa tana kawo hawan jini.
c. Rashin barci yana jawo haɗari.

A (3) an ɗauki abin da ya sami mutum an mayar da shi suna, sannan aka mutuntar da shi ya zama aikau. Gajiya ta zama kamar hazo ko hunturu, abin da yake saukowa da kansa ba tare da wani ya jawo shi ba. Wannan salo bai tsaya ga kamfanoni kaɗai ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin matsananciyar gajiyar aiki mai kashe wa mutum gwiwa a cikin kundinta na rabe-raben cututtuka, ta danganta ta da matsin wurin aiki mai daɗewa wanda ba a shawo kansa ba. Bayanin ya yi adalci da ya ambaci wurin aiki, amma bai faɗi wanda ya kamata ya shawo kan matsin ba, don haka kowane ɓangare yana iya karanta shi yadda ya ga dama.

3.4 Aikatau rukuni na biyar

Nahawun Hausa yana da makamin da yake tona wannan ɓoyo. A cikin rukunan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960, rukuni na biyar shi ne mai ƙarewa da -ar tare da "da". A duba waɗannan tagwayen jimloli:

(4) a. Ma'aikaci ya gaji. / Aikin dare ya gajiyar da ma'aikaci.
b. Lebura ya kwanta. / Ƙurar auduga ta kwantar da lebura.
c. Makaniki ya kurmance. / Ƙarar inji ta kurmantar da makaniki.

Jimlolin farko ƙi-karɓau ne, labarinsu ya fara a kan ma'aikaci ya kuma ƙare a kansa. Na biyu kuwa suna tilasta wa mai magana ya cike gurabe biyu, gurbin sanadi da gurbin wanda abin ya sama. Ko da mai magana ya fake da lamirin "an", ya ce an gajiyar da ma'aikaci, mai sauraro ya riga ya san akwai wanda ya yi, kuma tambayar da za ta biyo baya ita ce "wa?" Harshen shirye-shiryen inganta lafiya, idan aka zuba shi a Hausa, kusan gaba ɗayansa yana zaune ne a ɓangaren hagu na misali na (4).

4.0 Abin da Bincike Ya Nuna

Da a ce ɓangaren hagu shi ne gaskiyar lamarin, da wannan sharhi bai wuce gardamar nahawu ba. Saboda haka wajibi ne a duba ko shirye-shiryen suna haifar da abin da aka yi alkawari.

Yawancin binciken da aka dogara da shi a ƙiyasin 2010 yana da rauni guda: ana kwatanta waɗanda suka shiga shirin don ra'ayin kansu da waɗanda ba su shiga ba. Mai yiwuwa ne waɗanda suka shiga dama can sun fi ƙoshin lafiya. Hanyar kauce wa wannan rauni ita ce a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba gida ɗaya shirin, a bar ɗayan. An yi haka a Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign da ma'aikata kusan 5,000, inda Damon Jones da David Molitor da Julian Reif suka wallafa sakamakon a 2019. Shirin ya ƙara yawan waɗanda aka yi wa gwajin lafiya, amma bayan shekara biyu ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba a kuɗin magani, ko fashin aiki, ko ƙwazo. Masu binciken sun kuma gano cewa waɗanda suka amsa gayyatar shirin tun kafin a fara sun fi sauran ƙarancin kashe kuɗin magani, sun kuma fi su zuwa wurin motsa jiki. Da suka sake lissafin bisa tsohuwar hanya, sai ribar da aka saba ba da labari ta sake bayyana. Wato ribar ta hanyar lissafi ce.

A wannan shekara ta 2019, biyu daga cikin masu ƙiyasin 2010, Song da Baicker, suka wallafa nasu gwajin a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka. Sun yi aiki da kamfanin kantuna na BJ's Wholesale Club, a rassa 160 masu ma'aikata 32,974, aka zaɓi rassa 20 ta ƙuri'a aka ba su shirin. Bayan wata 18, waɗanda suka ce suna motsa jiki a kai a kai sun fi yawa da maki 8.3 cikin ɗari a rassan da ke da shirin, waɗanda suka ce suna lura da nauyinsu kuma sun fi yawa da maki 13.6. To amma da aka auna hawan jini da kitsen jini da nauyin jiki, aka duba kuɗin magani da fashin aiki, ba a sami bambanci ba. Abin da ya canza shi ne abin da mutane suka faɗa da bakinsu. Za a dawo ga wannan batu a 5.2. A Birtaniya ma, William Fleming na Jami'ar Oxford ya nazarci amsoshin ma'aikata 46,336 daga wuraren aiki 233, ya wallafa a 2024 cewa waɗanda suka shiga darussan jure matsi da na natsuwa da manhajojin waya ba su fi sauran kwanciyar hankali ba.

Idan aka juya ga ɓangaren dama na misali na (4), hujjojin sun fi nauyi. Binciken Whitehall na farko, wanda aka fara a 1967 a kan ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000 a Landan, ya nuna cewa masu ƙaramin muƙami, kamar masinjoji da masu tsaron ƙofa, suna mutuwa kusan ninki uku na manyan jami'ai, kuma shan taba da hawan jini da kitsen jini ba su bayyana ko rabin wannan tazara ba. Bincike na biyu, wanda Michael Marmot ya jagoranta daga 1985 da mutum 10,308 maza da mata, ya danganta ciwon zuciya da ƙarancin ikon da mutum yake da shi a kan yadda zai gudanar da aikinsa. Haka kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Awoyin aiki da ikon tsara aiki kuwa ba a hannun ma'aikaci suke ba.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa shirye-shiryen ba shirme ba ne gaba ɗaya. Hawan jini ciwo ne da yakan daɗe bai nuna alama ba, kuma gwaji kyauta yana iya zama karo na farko da direba ko mai gadi zai san halin da yake ciki. Nazarin da cibiyar RAND ta yi wa shirin kamfanin PepsiCo, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna cewa ragin kuɗin magani ya fito ne daga kula da masu ciwo mai daɗewa, kamar ciwon sukari, ɓangaren nasihar sauya halin rayuwa kuwa bai mayar da abin da aka kashe masa ba. Ke nan shirin yana da amfani a inda aka yi wa mutum wani abu, amfaninsa yana raguwa a inda aka tsaya ga yi masa umarni.

5.0 Faɗin Ma'anar Lafiya

Kalmar "lafiya" ararriya ce daga Larabci, inda harafin "al" ya manne a jikinta kamar yadda ya manne a "liman" da "lahira" da "labari". Ta kuma isa Yarbanci a sigar "àlàáfíà", inda take ɗauke da ma'anar ƙoshin jiki da ta zaman lumana a lokaci guda. Harshen Ibo ya raba ma'anonin biyu, "ahụike" ga jiki, "udo" ga zaman lumana. Wannan bambanci yana nuna cewa matsalar da ake magana a kanta ba iri ɗaya ba ce ga kowane mai fassara a Nijeriya. Ga yadda Bahaushe yake sarrafa kalmar:

(5) a. Yaron ba shi da lafiya.
b. Gari lafiya?
c. An tashi taro lafiya.
d. A sauka lafiya.
e. Ya sayi lafiyayyiyar mota.
f. Lafiya na gan ka da tsakar dare?

A (5a) kaɗai ake maganar jiki. Sauran suna magana a kan tsaro, da jituwa, da kuɓuta daga haɗari, da inganci, da tafiyar al'amura bisa yadda aka saba. L. Lewis Wall, a littafinsa na 1988 a kan magungunan Hausawa, wanda ya gina bisa binciken da ya yi a ƙasar Malumfashi, ya nuna cewa kalmar tana nufin daidaituwar mutum da jama'arsa da muhallinsa. Wannan ya yi kusa da ma'anar da tsarin mulkin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1948, ya ba lafiya, inda ya haɗa jiki da hankali da zamantakewa. Ya kuma yi kusa da ma'anar Dunn ta asali, kafin muhalli ya zube daga cikinta.

Bisa wannan, idan Bahaushe ya ji an ce za a inganta lafiyar ma'aikaci, abin da kalmar take ba shi damar tsammani ya haɗa da albashi a kan kari, da inji mai kariya, da hutu, da zaman mutunci tsakaninsa da shugabansa. Karin maganar da ke cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki ba a kan gishiri ko tattaki take magana ba. Shirin da bai wuce misali na (1) ba, idan aka raɗa masa sunan lafiya, ya yi alkawarin da bai yi niyyar cikawa ba, alhali a Ingilishi bai ɗauki wannan alkawari ba. Fassarar ce ta ɗaukar masa.

5.1 Harshen damo a rubutu

Akwai wata matsalar da daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa take haifarwa. Kalmar "ma'aikata" biyu ce a baki. Idan aka furta dukkan gaɓoɓinta da karin sama, tana nufin wurin aiki. Idan gaɓoɓi biyu na tsakiya suka ɗauki karin ƙasa, tana nufin jam'in ma'aikaci. Da yake ba a nuna karin sauti a rubutun yau da kullum, "shirin inganta lafiyar ma'aikata" yana iya nufin lafiyar mutanen ko lafiyar wurin da suke wa aiki, musamman tunda misali na (5e) ya nuna cewa abin da ba shi da rai ma yana iya zama lafiyayye. Idan aka tuna cewa da lissafin dala 3.27 aka tallata shirin ga kamfanoni, za a ga cewa ma'ana ta biyu ba ta yi nisa da tarihin lamarin ba. Taken wannan takarda ma bai tsira daga wannan harshen damo ba.

5.2 Gaisuwa da takardar tambayoyi

Kada a ɗauka cewa faɗin kalmar alheri ne zalla. Ita ce kuma ginshiƙin gaisuwa, gaisuwa kuwa tana da amsoshinta da ba sa canzawa. Wanda aka tambaya "ina kwana?" zai ce "lafiya lau" ko da a gadon asibiti yake. Amsar "ina gajiya?" ita ce "ba gajiya", amsar "ina aiki?" kuma "aiki da godiya". Waɗannan amsoshi ba ƙarya ba ne, ladabi ne da godiya ga Allah, kuma ainihin labari sai bayan an gama gaisawa yake fitowa. To amma takardar tambayoyin da aka fassara kalma da kalma, wadda take tambayar ma'aikaci yadda lafiyarsa take ko kuma ko yana jin gajiya, ta faɗa cikin tsarin gaisuwa ba tare da ta sani ba, balle kuma idan shugaban wurin aiki ne ya aiko da ita. An ga a 4.0 cewa ko a Amurka abin da baki ya faɗa ya saɓa da abin da awo ya nuna. A Hausa kuwa, harshen da kansa ya riga ya tanadi amsa mai daɗi, sai rahoto ya fito cewa kowa yana lafiya lau.

6.0 Nauyin da ke Kan Mai Fassara

Za a iya cewa mai fassara ɗan aike ne, amanarsa ita ce ya isar da abin da aka ba shi, ba ya gyara manufar kamfani ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba a neman ya cusa abin da babu shi a matanin asali. Sai dai zaɓi tsakanin kalmomin da suke kusa da juna aikinsa ne shi kaɗai, kuma amanar tana da fuska biyu, domin mai karatu ma yana da hakki a kansa. Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da shawarwari kamar haka.

Na farko, a kira kowane abu da sunansa: gwajin hawan jini kyauta, shirin motsa jiki, taimakon daina shan taba. A bar kalmar "lafiya" ga shirin da ya taɓa yanayin aikin kansa. Na biyu, inda ake nufin mutane, a rubuta "masu aiki" ko "ma'aikaci" domin a toshe harshen damon da aka nuna a 5.1. Na uku, inda shiri ya ƙunshi kuɗi, a bayyana abin da wanda bai shiga ba zai rasa, kada a tsaya ga kalmar "lada". Na huɗu, a gina takardar tambayoyi a kan abin da ake ƙirgawa: awa nawa ka yi barci jiya, dare nawa ka yi aiki a makon da ya wuce, yaushe aka biya ka albashi na ƙarshe. Irin waɗannan tambayoyi ba su da amsa a cikin gaisuwa.

Na biyar, kuma mafi muhimmanci ga sassan koyar da harsunan Nijeriya, akwai matanin da ya fi takardun bango cancantar fassara. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta tsabtace wurin aiki, da samar da iska da haske da ruwan sha da kayan agajin gaggawa, da killace injuna masu haɗari. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikaci ta 2010 ta tanadi diyya a kan rauni da ciwon da aiki ya jawo, har da matsin da ya taɓa hankali. Nijeriya ta kuma amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan tsaro da lafiya a wurin aiki tun 1994. A cikin waɗannan matani mai ba da aiki ne yake ɗauke da aikatau masu nauyi, waɗanda ake iya aunawa a kuma kai ƙara a kansu. Ma'aikacin da ya karanta misali na (1) a harshensa, bai taɓa jin waɗannan dokoki a harshen nasa ba, rabin labari aka ba shi.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi diddigin shirye-shiryen inganta lafiya a wurin aiki daga tushensu a Amurka, ta nuna cewa jimlarsu tana sa ma'aikaci a gurbin aikau na kowane aiki mai wuya, tana barin kamfani da aikatan zuciya, tana kuma mayar da gajiya da damuwa abubuwan da ba su da sanadi. Gwaje-gwajen da aka yi ta hanyar ƙuri'a ba su tabbatar da ribar da aka yi alkawari ba, binciken Whitehall da ƙiyasin 2021 kuwa sun nuna cewa muƙami da iko da awoyin aiki suna da hannu dumu-dumu a cikin ciwo da mutuwa. An kuma ga cewa kalmar "lafiya" ta fi waɗannan shirye-shirye faɗi, sannan a bakin gaisuwa tana iya rufe abin da ake son ganowa.

A 1700 likitan nan na Italiya, Bernardino Ramazzini, wanda ake ɗauka a matsayin uban ilimin cututtukan sana'a, ya shawarci likitoci su ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda suka gada, wato su tambayi maras lafiya sana'ar da yake yi. Nahawun Hausa ya tanadi gurbin amsar wannan tambaya a aikatau rukuni na biyar. Abin da ya rage ga masana harshe da masu fassara shi ne su tabbatar ba a bar gurbin babu kowa ba.